Tsohuwar bindigar .22 ga mai koyon harbi: wai da gaske ba ta kisa?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam. Ni mazaunin Houston ne a jihar Texas, shekarata 7 a Amurka, kuma ina da katin zama na dindindin. Wata uku ke nan abokan aikina suna jana zuwa filin harbi ranar Asabar, har abin ya shiga raina, ina so in daina aro. Ɗaya daga cikinsu zai sayar mini da tsohuwar Marlin 60 da ya gada wurin mahaifinsa a kan dala 150, hannu da hannu. Maiɗakina hankalinta bai kwanta ba, saboda yaranmu uku, babban shekararsa 11. Mai bindigar ya ce kada ta damu, .22 ce, a nan ƙasar da ita yara suke tasowa, ko ta sami mutum sai dai ta ji masa ciwo. Ni tsorona biyu ne: kada in zuba kuɗina a kan gawar ƙarfe, kada kuma in shigo da masifa gidana da hannuna. Me zan duba?

Wani ɗan'uwa daga Houston

AMSA

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka gaida iyali, ka kuma gaya wa maiɗakinka ita ce da gaskiya a wannan magana. Zan zo kanta, bari mu fara da cinikin.

Harsashin .22 LR, wato ɗan ƙaramin harsashin da wannan bindigar take ci, shi ne daidai da mai koyo. Ba ya dukan kafaɗa, ƙararsa da sauƙi, kuma da arha, za ka harba ɗari a zama guda aljihunka bai girgiza ba. Da shi ake gasar harbin mita 50 a wasannin Olamfik, kada wani ya raina maka shi. Amma da wurina ka fara zuwa, da mai sakata zan sa ka nema, irin su Savage Mark II ko CZ 452 da ƙannenta, wadda sai ka ja sakatar da hannunka kafin kowane harbi. Tana koya wa mutum natsuwa, kuma kallo ɗaya za a yi mata a gane a buɗe take ko a rufe. Marlin 60 mai ɗura kanta ce, ba ta da laifi, tun 1960 ta fito, an sayar da miliyoyinta, kuma tana da saiti. Inda nake jin ta ga sabon hannu mai yara a gida shi ne ma'ajiyar harsashinta. Siririn bututu ne a ƙarƙashin babban, ba gidan harsashi ba ne da za ka zare ka jefa a aljihu. Wajen ɗuri hannunka yana kusa da baki, wajen saukewa kuma sai ka zare sandar ciki, ka zazzage, sannan ka ja sakata sau da yawa. In lallai mai ɗura kanta kake so, Ruger 10/22 ta fi sauƙin sha'ani, gidan harsashinta mai cin 10 yana fita, kuma tun 1964 take kasuwa, kayan gyaranta ba sa wuya.

In kuwa wannan ɗin ce ta kwanta maka a rai, ka ce ya kawo ta filin harbi da rana tsaka. Ka tabbatar da kanka babu komai a ciki, da ido da ɗan yatsa, sakata a buɗe a maƙale. Sannan ka sa 'yar farar takarda a bakin ɗakin harsashi don ta kama haske, ka duba cikin bututun. Dauɗa da guntayen dalma burushi yana fitar da su, tsatsar da ta riga ta haƙa rami kuwa ta zauna ke nan. Idan ka ga baƙin zobe a wani wuri a ciki, ka bi wajen da yatsunka biyu a hankali. In ka ji kumburi, wani ya taɓa harbi alhali harsashi ya maƙale a bututun, ka mayar masa da kayansa. Ka dubi bakin bututun kada ya zama ya tauye ko ya kwarzane, don nan ne harsashi yake taɓawa na ƙarshe, kuma saiti daga nan yake lalacewa.

Abin da masu saye suka fi tsallakewa shi ne gefen ɗakin harsashi. Tunda a leɓen kwanson harsashi allurar da ke tayar da shi take duka, bindigar da aka yi ta jan kunamarta babu komai a ciki allurarta ƙarfen bututu take sara, har ta bar ɗan lotsi. Wannan lotsin shi ke sa kwanso ya ƙi fita ko harsashi ya ƙi tashi. Ka duba ƙotar katako daga bayan kunama, nan take fara tsagewa. Ka duba kawunan sukurori, in sun cinye, ɗan koyo ya buɗe ta, kuma ban yarda da kunamar da aka goga a gareji don ta yi laushi ba. A Marlin 60 akwai wata 'yar roba a bayan sakata da ke bushewa ta farfashe in ta tsufa, wannan ba abin fasa ciniki ba ne, canjinta ba tsada. Daga nan ka harba 50 a gabansa. In ta tashi sau biyu da ja ɗaya, ko ta tashi alhali makullinta yana kulle, maganar ciniki ta ƙare. Ka kuma karanta rubutun jikin bututun, abin da aka rubuta shi kaɗai za ka ɗura. Wanda ya sa .22 LR a ɗakin .22 Magnum kwanso zai iya tsage masa a gaban fuska.

Batun takarda: dokar Texas ba ta hana mazaunanta biyu ciniki hannu da hannu ba, amma ni ba na ba baƙo wannan shawarar. Ku je shagon dillali mai lasisi, ka cike fom na 4473, a binciki sunanka, ka biya ɗan abin da za su caje ka, ka fito da shaida a hannu. Mai katin dindindin irinka yana da damar saye. Wanda yake kan bizar karatu ko ziyara hukuncinsa daban ne, kada ya karanta wannan ya ɗauka da shi nake. Wasu bindigogin .22 da aka ƙera kafin dokar 1968 ba su zo da lamba ba, wannan ba laifi ba ne. Lambar da aka kankare kuwa riƙe bindigar kaɗai laifin tarayya ne.

To, yanzu ga maganar abokin aikinka. Kusan kowane mako sai na ji ta a filin da nake koyarwa, daga bakin manya masu furfura, kuma duk lokacin da na ji raina sai ya ɓaci. "Ai .22 ce." Wannan kalma ta shiga da mutane kabari. Ƙwayar harsashin ba ta kai giram uku ba, gaskiya ne, amma tana barin bakin bindiga da gudun da ya haura mita 300 a daƙiƙa guda. Ka ɗauki kwalin harsashin ka karanta gargaɗin kamfanin da kansa, za ka ga sun ce yana da haɗari har nisan mil ɗaya zuwa mil ɗaya da rabi, wato har sama da kilomita biyu. Da .22 aka kashe Sanata Robert Kennedy a Los Angeles a 1968. Da .22 aka harbi Shugaba Ronald Reagan a Washington ranar 30 ga Maris, 1981, kuma harsashin ma ba kai tsaye ya same shi ba, jikin motarsa ya daka ya karkato, ya shiga ta ƙarƙashin hammatarsa ta hagu, ya karya haƙarƙari, ya huda huhu, ya tsaya dab da zuciya. Kakakinsa James Brady da aka samu a kai bai sake komawa daidai ba har ya rasu a 2014, kuma binciken sunan da za a yi maka a shagon dillali daga dokar da ke ɗauke da sunansa ya fito. Duka biyun da ƙaramar bindigar hannu aka yi, doguwar da kake shirin saye ta fi su ba harsashi gudu.

Abin da ya sa wannan kuskure ya fi ba ni tsoro shi ne yadda yake sauya hannun mutum. Ka ba mutum babbar bindigar farauta, za ka ga ya natsu, yatsansa a waje, baki a ƙasa. Ka ba shi .22 sai ya riƙe ta kamar sandar kiwo, yana juyowa yana magana bakinta yana share cikin mutane. Sai ka ga ana harbin gwangwani a kan dutse, ko kwalba a kan ruwa, alhali wannan harsashin dalma ne mai saurin zamewa, yana dukan ruwa ko busasshiyar ƙasa ya tashi ya nufi inda ba wanda ya saita. Sai ka ga an jingine ta a bayan ƙofa don "ƙarama ce". Wata rana wani dattijo ya zo mana da irin wannan Marlin ɗin a nannaɗe cikin bargo, ya ce shekara da shekaru tana cikin kabad, babu komai a ciki, shi da kansa ya zazzage. Na ja sakata sau uku, babu abin da ya fito. Na zare sandar, na bubbuga bututun da tafin hannuna, sai ga harsashi guda ya gangaro kan tebur, ya yi kore saboda daɗewa, busasshen mai ne ya riƙe shi. Jikokinsa a gidan suke kwana. Dattijon ya tsaya yana kallon harsashin nan, ya kasa cewa komai.

Kuma ina roƙonka, kada ka bari a kawo maka zancen maganin bindiga ko da wasa ne. A gida mun sha jin wanda ya sha rubutu ko ya ɗaura laya ya ce a gwada a kansa, aka gwada, aka yi jana'iza. Wanda yake tunanin .22 ba ta kisa shi ne zai fi saurin yarda a yi gwaji da ita. Haka zancen cusa ta a kwantena ko cikin mota a aika wa 'yan'uwa don halin tsaro, laifi ne babba a nan, laifi ne babba a can, kuma a kan wanda ya karɓa zai fara fashewa.

Yara amana ce a wuyanka, kuma a Texas barin bindiga mai ɗuri inda ɗan ƙasa da shekara 17 zai kai hannu yana iya kai uba gaban alƙali. Ka sayi akwatin ƙarfe mai makulli kafin ka sayi bindigar, kada ta kwana ko dare ɗaya a ƙarƙashin gado da sunan gobe za a saya. Harsashi a wani wuri daban, shi ma a kulle, mabuɗi a jikinka. Ɓoyewa a saman kabad ba ajiya ba ce, ɗan shekara 11 ya san kowane lungu na gidanku fiye da kai. Ka yi rajistar darasi wurin malami mai shaida, a nan za a nuna maka cewa in ka ja kunama ba ta tashi ba, baki yana gaba za ka ƙirga daƙiƙa 30 kafin ka buɗe, in kuma ƙarar ta fito a raunane ka tsaya ka duba bututu kafin harbi na gaba. Ka tafi da maiɗakinka darasin farko ta gani da idonta. In bayan ta gani ta ce har yanzu ba ta yarda a shigo da ita gida ba, filayen harbi da yawa suna ba da haya, ka ci gaba da zuwa ranar Asabar kana karɓa kana mayarwa.