Batirin injin kwale-kwalena yana ƙarewa tun kafin hantsi

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni masunci ne a tafkin Gidimuni. Ƙanena ya kawo mini ƙaramin injin kwale-kwale mai aiki da batir, an rubuta 55 a jikinsa. Na sayi batirin babbar mota mai 100Ah a Damagaram, ina cajinsa da faifan sola ɗaya mai wat 100, na haɗa waya kai tsaye. Da farko ina fita da asuba in dawo wajen azahar, injin bai gaza ba. Yanzu wata na biyar, ko awa ɗaya ba ya yi sai ya fara ja da ƙyar, in koma ga filafili. Amma idan na cire batirin daga sola mitar awon ƙarfin wuta tana nuna bolt 13. Wani mai gyara ya ce a zubar da ruwansa a zuba sabon asid. Injin ne ya lalace, ko batirin?

Amsa: Wa alaikumus salam Malam, Allah ya ba da sa'ar su. Kafin komai, kada ka bari a zubar da ruwan batirin nan. Ba zai warkar da shi ba, kuma zan faɗi dalili a gaba.

Bisa abin da ka bayyana, zargina ya fi karkata ga yunwa: batirinka ya yi watanni bai ƙoshi ba ko sau ɗaya. Mu yi lissafi tare. Lambar 55 ɗin nan ƙarfin turin injin ce, kuma irinsa idan aka buɗe masa wuta duka yana jan kusan amfa 50 (amfa shi ne ma'aunin yawan wutar da ake ja). A matsakaicin gudu mu ce amfa 20. Idan jimillar tafiyarka tsakanin duba kalli da komawa gaɓa ta kai awa uku, amfa 20 sau awa uku, ka kwashe 60Ah ke nan daga cikin 100Ah ɗin da batirin yake ɗauka. Shi kuwa faifan wat 100, da tsakar rana ma abin da yake bayarwa bai wuce amfa biyar da rabi ba. Yini cur a ranar Damagaram zai tara maka 25Ah zuwa 30Ah. Kai kuma ba yini cur kake ba shi ba, tunda batirin yana kan ruwa tare da kai har azahar. Rabin rana kawai yake samu. Kullum ana ɗibar kwano huɗu a rumbu ana mayar da ɗaya. Makonnin farko ba ka ji ba saboda batirin sabo ne, kuma akwai ranakun da ba ka fita.

Abin da ke faruwa a ciki shi ne, batir irin wannan yana da ɗakuna shida, kowane da farantan dalma jiƙe cikin ruwan asid. Idan ana jan wuta, wani farin gishiri yana kwanciya a kan farantan. Caji cikakke yana narkar da shi ya koma cikin ruwan. Idan kuwa batirin ya kwana ya yini a rabin ciki, mako bayan mako, gishirin sai ya daskare, caji ya daina narkar da shi, wurin ajiyar wuta ya ragu. Batirin da aka saya da 100Ah sai ya zama 30Ah ne kawai a cikinsa. Shi ya sa sabon asid ba magani ba ne, don cutar tana jikin farantai. Zuba asid mai ƙarfi a kan farantan da suka riga suka daskare yana sa mita ta yi kyau kwana biyu, sannan ya ƙarasa cinye su. Na sha ganin batiran da aka yi wa haka an kawo su shagona, babu wanda ya ƙara wata biyu.

13 ɗin da kake gani kuwa kumfa ce, irin ta saman nono. Duk batirin da aka cire daga caji yanzu-yanzu zai nuna sama da gaskiyarsa. Ka cire masa duk wayoyi, ka bar shi ya huta awa huɗu ko ya kwana, sannan ka auna. Cikakke yana nuna bolt 12.6 zuwa 12.7. Idan ka ga 12.2 rabi ne, 12.0 saura kashi ɗaya cikin huɗu. Idan bayan caji mai kyau da hutu ya tsaya wajen 10.5, ɗaki guda ya mutu, kuma wannan ba shi da gyara.

Awo na biyu ya fi wancan faɗin gaskiya, domin batir mai daskararrun farantai yana iya nuna 12.6 a zaune, ya durƙushe da zarar an ɗora masa kaya. Ka ɗaure kwale-kwale a gaɓa, injin yana cikin ruwa, ka sa mita a kawunan batirin, yaro ya buɗe wuta duka. Lafiyayyen batir cikakke zai ɗan sauka ya tsaya kusa da 12. Wanda ya faɗi ƙasa da 10.5 cikin 'yan mintuna ya gama aiki. Kada a yi wannan gwaji injin yana sama a iska, ruwa ne ke sanyaya shi.

Tun kana nan a gaɓa, ka duba ɓangaren injin, don ban so ka sayi sabon batir alhali laifin na waya ne. Bayan minti biyu da wuta a buɗe, taɓa wayoyin da mahaɗansu. Duk inda ka ji zafi, nan wuta take ɓacewa. 'Yan makaman nan masu baki kamar na kada ba su dace da amfa 50 ba, a sa zobe a ɗaure da noti. Idan an yi ƙarin waya, kaurinta kada ya gaza 16mm², kuma kada a ja ta da tsawo babu dalili. Auna bolt a kan batir, ka sake aunawa a inda waya ta shiga injin; bambancin da ya wuce rabin bolt laifin waya ne. Farin garin da ke taruwa a kawunan batir ana wanke shi da jiƙaƙƙiyar kanwa, amma a kula ko ɗigo kada ya shiga cikin ɗakunan, a goge, a shafa ɗan giris. Sannan cire farfela ka leƙa bayanta. A ruwa irin na Gidimuni mai kacalla da guntayen zaren kalli, zare yana naɗewa a jikin sandar, injin ya riƙa jan wuta fiye da ƙima, kuma idan aka bar shi yana yanka robar da ke hana ruwa shiga cikin injin. Wannan dubawar minti biyar ce, ka mayar da ita al'adar kowane mako. Idan babu fis ko makatsin wuta na amfa 60 kusa da kan ja na batirin, a sa.

Yanzu maganar caji, wadda ita ce gindin matsalar. Haɗa sola kai tsaye da batir yana cutarwa ta fuska biyu. Ranar aiki ba ya isa, ranar hutu kuma yana wuce gona da iri, domin faifan da ake ce wa na bolt 12 yana iya kaiwa 18 zuwa sama. Idan ka yi kwana uku ba ka fita ba, babu abin da zai tsayar da shi, sai ruwan batir ya riƙa tafasa yana ƙafewa. Dole a sa kontrola a tsakani, wadda za ta kai batir wajen 14.4, ta riƙe shi nan har ya cika, sannan ta sauko wajen 13.5. A zafin bazara na watan Afrilu da Mayu, lokacin da muke haura digiri 40, ya kamata a rage wajen 0.3 daga waɗannan lambobi; kontrola mai kyau tana yi da kanta. Zafi abokin gaban batir ne ƙwarai. Ƙa'idar da masu sana'ar suke bi ita ce duk ƙarin digiri goma a kan 25 yana raba kwanan batirin dalma biyu. Saboda haka faifai a rana, batir a inuwa, a wuri mai iska, ba cikin ɗakin kwana ba. Iskar da yake fitarwa lokacin caji tana kama wuta, kada a kusanto da taba ko ashana.

Girman sola kuwa, ga aikinka ina ba da shawarar wat 300 da kontrola mai amfa 20 ko 30, a riƙa share ƙurar hunturu a kan faifan kowace safiya. Idan kana da wutar NIGELEC a gida ko kusa, caja mai amfa 10 zuwa 15 wadda take yanke kanta ta fi sauƙi. Mayar da 50Ah da caja mai amfa 10 yana cin awa bakwai ko takwas, domin ƙarshen cikar a hankali yake tafiya, kuma wannan ƙarshen shi ne yake narkar da gishirin. Mutane da yawa suna cirewa da sun ga bolt ya hau, a nan ake kashe batir. Da ka dawo daga ruwa ka sa caji, kada ka ce sai gobe. Wanda yake da hali, batir biyu ya fi: ɗaya yana kan ruwa, ɗaya yana shan rana tun safe.

Akwai kuma irin batirin da ka saya. Na mota an yi shi ne da siraran farantai masu yawa don ya ba da wuta mai ƙarfi na daƙiƙa kaɗan a tayar da inji, nan take mota ta mayar masa. Ba a gina shi don a riƙa kwashe rabinsa kullum ba. Abin da injinka yake so shi ne mai kaurin farantai, wanda a kasuwa ake ce wa batirin sola. Shi ma kada ka saba cinye fiye da rabinsa. Idan ka dawo ya huta ka ga ƙasa da 12.2, ka yi masa nauyi a ranar. Idan mai murfi ne, duba ruwansa duk mako biyu a lokacin zafi, ya rufe farantai da kimanin santimita ɗaya, kuma tataccen ruwan batir kaɗai ake ƙarawa. Ruwan rijiya ko na tafki yana da gishiri da kanwa, yana lalata shi. Idan na jel ne wanda ba a buɗewa, a saita kontrola a kan jel, don ba ya jure bolt mai yawa. Na litiyam nau'in LiFePO4 ya fi su duka: nauyinsa bai kai rabin na dalma ba, ana iya cin kashi 80 cikin 100 nasa, yana kuma daɗewa shekaru. Sai dai kuɗinsa da yawa, yana son caja ko kontrola da ta san shi, kuma mita ba ta nuna saurarsa sosai, yana nan wajen 13 har ya yanke farat ɗaya. Filafili dai kada ya bar cikin jirgi.

Game da wanda yake hannunka, ga abin da zan yi in da nawa ne. A buɗe murafen, a ƙara tataccen ruwa inda farantai suka fito, a kai shi wurin mai caja mai yanke kanta a ba shi caji a hankali na yini da kwana, a riƙa taɓa jikinsa, in ya yi zafi a dakata. A bar shi ya huta, a yi awon nan biyu. Idan mai cajin yana da ma'aunin kaurin ruwan batir, cikakken ɗaki yana nuna wajen 1.265, kuma ɗakin da ya bambanta da 'yan'uwansa da 0.050 ya lalace. In ya tsallake, zai ɗan riƙe ka kafin ka tara kuɗin na sola, muddin kana sa injin a matakin gudu na biyu ko na uku. In bai tsallake ba, ka mayar wa masu sayen tsohon batir da ruwansa a ciki, kada a tsiyaye shi a bakin tafki inda ake kama kifi ana ban ruwan dabino. Ka aiko mini da lambobin da mita ta ba ka, na hutu da na lokacin da injin yake ja, in gaya maka ko ya cancanci a ci gaba da wahala da shi.