Katun da Hannunka: Amsar Wasiƙun Masu Zane a Damagaram

*Wani saurayi daga Sabon Gari: Na tara jaka 150, ina son koya wa kaina zanen katun mai motsi. In sayi allon zane mai gilashi?*

Kar ka saya, ƙanena. Fara da manhajar zanen katun ta FlipaClip a wayarka. Fim yana tafiya da hoto 24 a daƙiƙa. Ko kowane zane ya ci hoto biyu, minti guda zane 720 ne. Gama minti ɗaya tukuna. In kana nan kan bakanka, nemi kwamfuta ta hannu mai RAM (ƙwaƙwalwar aiki) giga 8 da SSD (ma'ajiya mai sauri), da ƙaramin allo mara gilashi na Huion ko Wacom. Manhajojin zane Krita da Blender kyauta suke.

*Wani: Wace manhaja ce za ta yi min fim da dannawa ɗaya?*

Babu. Zauna ka zana.

*Wata uwa daga Birni: Ɗana ya kwana yana zane, ina tsoron ya lalace.*

Kwantar da hankalinki, Hajiya. Marigayi Mustafa Alasan, ɗan ƙasar nan, makanike ne da ya koma sana'ar fim, tun shekarun 1960 duniya ta san katun ɗinsa. Sai dai kuɗin ba ya zuwa da wuri. Yawanci daga tallar shaguna da saƙonnin faɗakarwa ake fara samu. Kar ya bar makaranta.

*Wata budurwa: An yi min tayin kile mai tera 2 da araha.*

Wayyo, 'yata, mayar masa! Wannan shi ke cin raina. Ana gyara kilen ƙarya ya nuna girman da ba shi da shi. Za ki ga sunayen fayilolinki lafiya lau, amma da ainihin wurin ya cika, sabon aiki yakan hau kan tsohon, ko ya tafi iska. Ranar miƙa aiki, zanen wata shida ya ƙi buɗewa. Katin memwar ma haka. Kafin ki biya, sa a gwada kilen da manhajar H2testw, wadda ke cika shi taf ta karanto. Mai shagon da ya ƙi, fita. Ajiye aiki wuri biyu, ɗaya ba a cikin kwamfutar ba. Da yadda kuran ke ɗaukewa, fitar da fim hoto-hoto (nau'in fayil na PNG): in wuta ta yanke a hoto na 400, daga nan za ki ci gaba. Ƙurar hunturu kuma tana toshe fankar kwamfuta, a hure ta duk wata.