Da waɗanne kalmomi zan siffanta zaman kurkuku a labarina?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina rubuta labari ne wanda jaruminsa ya daɗe a tsare. Duk inda na zo siffanta wurin, ba abin da ke faɗo mini sai "mummuna", "mai duhu" da "mai ban tsoro". Na maimaita su har sun gundure ni. Waɗanne sifofi ya kamata in nema?

Amsa: Wa'alaikumus salam, 'yar'uwa. Ba ƙarancin kalmomi ke damun ki ba. "Mummuna" da "mai ban tsoro" hukunci ne kika yanke wa wurin, alhali mai karatu bai ga komai ba tukuna. Sifar da ke aiki ita ce wadda ta biyo ta ido ko hanci ko fatar wanda aka kulle. Saboda haka ki fara tantance irin tsarewar da aka yi wa jaruminki, domin azabar cunkoso daban, ta kaɗaici daban, kuma kalmominsu ba sa haɗuwa.

In cunkoso ne, ɗakin matsattse ne, ƙuntatacce, ɗan tsukuku, cike maƙil da mutane. A nan hanci ya fi ido aiki, kuma Hausa ta rarrabe wari filla-filla: akwai zarnin fitsari, akwai hamami, akwai tsamin gumi, akwai ɗoyi. Kowannensu ya fi "mai wari" nesa ba kusa ba. Bargo duƙun-duƙun, bango mai danshi, tabarma mai kuɗin cizo, jiki mai ƙazuwa, tarin da ba ya yankewa duk dare. Wannan tarin ma ba ƙawa ba ne, don tarin fuka yana saurin yaɗuwa inda aka cusa mutane ba iska.

Kaɗaici kuwa kishiyar wannan ne. Ɗaki wayam, bango fayau, shiru tsit. Ƙa'idojin Majalisar Ɗinkin Duniya kan kula da fursunoni, waɗanda aka sabunta a 2015 aka sa musu sunan Nelson Mandela, sun ce keɓewa ita ce a kulle mutum awa 22 ko fiye a rana ba tare da wata mu'amala ta kirki da mutane ba, kuma sun haramta a wuce kwana 15 a jere. Dalili shi ne abin da take yi wa ƙwaƙwalwa: rashin barci, firgita, jin muryoyin da babu su, rikicewar lissafin kwanaki. Don haka sifofin da suka dace sun fi karkata ga mutumin fiye da ɗakin. Zaune jugum, tafiya sukuku, idanu zuru-zuru, tashi firgigit da jin ƙarar makulli. Ramamme ne, ko ƙanjamamme in abin ya yi nisa, fatarsa ta ɗashe don rashin rana.

Ina so ki yi hattara da "mai duhu", domin ita ce ta fi saurin zuwa bakin alƙalami, kuma ba kullum take gaskiya ba. Mandela ya yi shekara 27 a tsare, 18 daga ciki a kurkukun tsibirin Robben da ke Afirka ta Kudu, a ɗakin da tsawonsa da faɗinsa ba su wuce mita 2 da 'yan kai ba. Amma abin da ya lahanta masa idanu haske ne, ƙyallin rana a kan farin dutsen da ake sa fursunoni fasawa. A wurare da dama kuma fitila ce ba a kashewa, dare da rana. Haske fari fat mai kashe ido, wanda ba inda za ka ɓuya masa, yakan fi duhu dunɗum tayar da hankalin mai karatu, don bai zaci haka ba.

Akwai wani bambanci na nahawu da nake ganin marubuta ba sa cin moriyarsa. Ki duba "yana ɗaure" da "ɗaurarre". Ta farko hali ce da mutum yake ciki, yana iya fita gobe. Ta biyu ta manne masa, ta zama sunansa. Haka "yana tsare" da "tsararre", ko "ƙofa na kulle" da "kullalliyar ƙofa". Kina iya buɗe labarin da ta farkon, sai shekaru sun ja ki koma ta biyun, mai karatu zai ji canjin a jikinsa ko da bai san daga ina ya zo ba. Kalmomin amsa-kama su ma suna da ƙarfi: rufe ruf, kulle gam, ɗaure tamau. Sai dai in kika jera su a kowace jimla, labarin zai koma wasa, wurin da ake son nauyi. Guda ɗaya a inda ƙofa ta fara rufuwa a bayansa ta wadatar.

Lokaci shi ne ya fi wuyar siffantawa, kuma "dogo" ba ta isa. Wanda aka yanke wa shekara biyar yana ƙirga kwanaki. Mai ɗaurin rai-da-rai ya daina ƙirga. Mai jiran shari'a kuwa bai san me zai ƙirga ba, zullumi ne abokin kwanansa. Wanda ke ɗaurin talala yana gidansa, ga iyali ga shimfiɗa, amma bakin ƙofa ne iyakarsa, don haka kalmomin ƙazanta ba nasa ba ne, nasa su ne takura da sa ido. A irin waɗannan wurare aikatau ya fi sifa: ki nuna shi yana auna ɗakin da taku, ko yana gane gandiroban da ke aiki daga sautin takalminsa.

Sunan wurin ma sifa ce a ɓoye, kuma ya danganta da bakin mai magana. Alƙali zai ce gidan yari, mahaifiya mai kuka za ta ce kurkuku, wanda ya saba shiga da fita zai ce gidan maza ko gidan kaso. "Gidan gyaran hali" kuwa harshen hukuma ne da ya bazu a Najeriya bayan dokar 2019 da ta sauya wa hukumar gidajen yari suna. In labarinki ya faru kafin 2019, kada ki sa shi a bakin kowa.