Hangen Dala daga kan dutsen Marsey

Wata baiwar Allah daga Maraɗi ta aiko da tambaya, kuma da alama gardama ce ta cikin gida ake so in raba. Ita da maigidanta sun je hutu birnin Marsey na ƙasar Faransa, ranar ƙarshe suka ware don zuwa tsibirin If, inda wani tsohon kurkuku yake a tsakiyar teku. Da suka isa tashar jiragen ruwa da ake kira Vieux-Port sai aka ce yau jirgi ba zai tsaya a tsibirin ba saboda iska. Sai suka hau bas zuwa kan dutsen da cocin Notre-Dame de la Garde take, daga can suka hango tsibirin. Maigida yace to shikenan mun gani, gani ya kori ji. Ita kuma tace a'a, hangen Dala ba shiga birni ba. Tana tambaya waye ya yi daidai, sannan tana son ma'anar "baƙo raɓa" da ya faɗa mata a kasuwa da yamma, da kuma sunan da ya dace da sabulun da suka sayo, tsaraba ko guzuri ko kado.

Toh Hajiya, a gardamar farko ke ce da gaskiya, Alhaji ya yi haƙuri.

Ai Bahaushe bai tara aikin ido a kalma ɗaya ba. Akwai gani, akwai kallo wanda sai ka tsaya ka ba abu lokaci, akwai duba wanda ake yi da nufin neman wani abu, akwai leƙe ta kafa ko ta kan katanga, sannan akwai hange, shi kuma sharaɗinsa nisa. Abin da kuka yi a kan dutsen nan hange ne tsantsa. Dutsen tsayinsa wajen mita 150 ne, tsibirin kuma yana can cikin teku kilomita 3 da wani abu daga tashar, tafiyar kamar minti 20 a jirgi, to daga sama me ido zai kamo banda farin dutse da katanga da ruwa kewaye? Shi "gani ya kori ji" ana faɗinsa ne idan an daɗe ana baka labarin abu, wasu su ƙara gishiri wasu su rage, sai ranar da ka tsaya a gabansa idonka ya yanke hukunci. To tambayar ita ce wane labari kuka ji. Da a ce gardamar ku ita ce ko akwai tsibirin ko babu, da hangen ya isa. Amma abin da ake ba mutane labari game da If shine cikinsa, ganuwar da sarkin Faransa, Faransuwa na 1, ya sa aka fara ginawa a 1524 don tsaron bakin teku, daga baya aka maida ita kurkuku, ɗakunan da aka kulle mutane, rubutun da fursunoni suka karta a bango. Wannan duk har yanzu a kunne kuke da shi, ba a kori ji ba tukuna.

Karin maganar ki kuwa daga Kano ta taso. Dala dutse ne a cikin birnin, a zamanin da matafiyi ko bafatake da ya doso garin yana hango shi tun yana nesa, zuciya ta yi sanyi a ce an iso, alhali da sauran tafiya, ga ganuwa a gaba, ga ƙofa da sai ta nan za a shiga kuma in dare ya yi a rufe ta. Shi yasa asali ana faɗin ta ne ga mai murna tun abu bai zo hannu ba, wanda aka kira intabiyu ya fara rabon albashi, ko wanda aka karɓi gaisuwarsa a gidan su yarinya ya fara kiran kansa ango. Ke kin ɗan ja ta zuwa ga wanda ya haƙura da hange ya kira shi isa, kuma ta zauna daram, don tushen ɗaya ne. Abin da ya bani dariya ma shine kun juya ta, ku kuna kan dutsen ne kuna hangen waje. Su kansu mutanen Marsey haka cocin nan take a wurinsu, an buɗe ta a 1864, masu jirgin ruwa in sun dawo ita suke fara hangowa kafin su shiga tasha.

Iskar da ta hana ku kuwa ba baƙon abu bace a can, mistiral suke ce mata, tana gangarowa daga arewa ta kwarin kogin Rhône, in ta taso jirgi ba ya iya raɓar tsibirin. Irin wannan wurin ba a ajiye shi sai ranar ƙarshe, amma wannan ba fannina bane.

Sai baƙo raɓa. Kin ce a kasuwar unguwar Noailles ne, kina ta ciniki da wani mai kayan yaji har kun fara hira, Alhaji yace ki taho, baƙo raɓa ne. Cikakkiyar ta ita ce "baƙo raɓa, ɗan gari kaba". Raɓa da hantsi ta bushe, kaba kuwa ganyen goriba ne da ake tabarma da igiya da shi, rani da damina yana nan. Yawanci ɗan gari ne ke faɗinta, ko don a yi haƙuri da baƙo tunda kwanansa ƙidayayye ne, ko don a ja kunnen wanda ke neman ɓatawa da na gida saboda baƙo. Baƙo ya faɗa wa kansa ba laifi bane, yana nufin kar a yi sabon da ba zai ɗore ba, ko da yake ni ina zargin kuɗin Yuro ne suka fara ƙarewa.

Batun sabulu ba wuya. Guzuri shine abin da matafiyi ke riƙewa don hanya, ƙuli-ƙuli, kilishi, 'yan kuɗi, kuma nashi ne shi zai ci. Tsaraba ita ce abin da ya riƙo wa na gida in ya dawo. Kado da kuke cewa a Nijar aro ne daga Faransanci, ma'anarta kyauta kawai, babu sharaɗin tafiya a ciki, ana iya ba ki kado kina zaune a ɗakinki. Don haka sabulun Marsey da kika cika jaka da shi, mai kusurwa huɗu ɗin nan na man zaitun wanda tun 1688 aka kafa dokar yadda ake dafa shi, tsaraba ne in kin raba wa dangi da maƙwabta. Wanda kika ɓoye a ƙasan akwati don kanki, wannan sayayya ce. Yaron da kika aika ya kai wa uwar miji nata kuma, abin da za ta damƙa masa tukuici ne.