Caja Na Mutuwa Da Zarar Na Jona Ta

Tambaya: Malam, wata uku ke nan ina koyon gyaran kwamfuta a Zariya. An kawo min laftof ƙirar HP, da na jona caja sai fitilar cajar ta mutu. Maigidana ya ce a sake madabod, wato babban allon kwamfutar, gaba ɗaya. Babu wata hanya?

Amsa: Ɗan'uwa, kada ka yi gaggawar jefar da allon nan. Caja na kashe kanta ne idan ta tarar da shot, wato haɗuwar layin wuta da girawun (ɓangaren negatif), a layin bolt 19. Cire batir tukuna, ka sa mitar awon lantarki a wurin da take yin ƙara, bakinta guda a kan girawun, ɗaya a layin da ke bayan mosfet biyun nan (ƙananan makunnan da ke buɗe wa wuta hanya) na kusa da ramin caja. In ta yi ƙara ba tsayawa, shot ne.

Yawanci mai jawo shot ɗin ƴar ƙaramar kafasita ce (abin da ke riƙe wuta na ɗan lokaci), wadda ba ta kai ƙwayar shinkafa ba. Ga yadda nake kamo ta: ina ba layin bolt 1 kacal daga na'urar ba da wuta, in shafa sifirit a allon. Inda ya fara bushewa, nan zafin yake. Kada ka wuce bolt 1, domin idan mosfet ne ya ƙone, wutar za ta iya kaiwa ga furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, shi kuwa in ya tafi, aiki ya ƙare.

Ɗaga kafasitar da bulowa, wato na'urar hura iska mai zafi, ka sake aunawa. In ƙarar ta ɗauke, ka ciro irinta a mataccen allo, girma ɗaya, daga layi irin wannan. Ni ban yarda a bar gurbin fayau ba, ko da kwamfutar ta tashi.