Wane sukuru ya dace da ɗaure kujerar jirgin ruwa?

Malam, ka ce kujerar jirginka na faiba, wato roba mai tauri da aka haɗa da zaren gilas, ta fara girgiɗi, sukurorin sun yi tsatsa, kana neman waɗanda za ka sauya da su. Kada ka sake sayen na baƙin ƙarfe irin na kafintoci, damina ɗaya ta ishe su. Nemi na ƙarfen da ba ya tsatsa, ka duba kan notin da idonka: za ka ga an buga A2 ko A4. A ruwan daɗi kamar Kainji ko Yawuri, A2 ya wadatar. In kuwa jirgin yana shiga ruwan gishiri irin na Legas, sai A4, wato ƙarfe mai lamba 316, domin shi ne ke jure gishiri. Tafi kasuwa da maganaɗisu a aljihu, wanda ya manne masa ƙam kada ka saye shi.

Ni dai ban yarda da sukuru zalla a jikin faiba ba. Mutum ya jingina, igiyar ruwa ta buga, a hankali ramin ke faɗaɗa har sukurun ya zare, kuma a tsakiyar kogi wannan ba ƙaramin hatsari ba ne. Inda duk hannunka zai kai ƙasan wurin, huda ka zura noti mai kaurin milimita 6 ko 8, ka sa wosha mai faɗi daga ƙasa, ka ɗaure da kan noti mai roba a ciki, wanda girgizar inji ba ta kwance shi. Shafa gam mai hana ruwa a ramin kafin ka ɗaure. Kuma ka auna tsawon da kyau, kada tsininsa ya huda gindin jirgin.