Sai Na Yi Rajista Kafin In Ja Ruwan Kogi?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni manomin rani ne a gaɓar kogin Haɗeja, cikin ƙasar Ringim. Lambuna gado ne, tun kakanmu ake ba shi ruwa da jigo, yanzu kuma ina da ɗan inji mai inci uku. Bara wani mai hali ya sayi fili a sama da mu, ya dasa manyan injina, ya tare bakin mashigar da ke kawo mana ruwa da buhunan yashi. Kafin watan Maris ya fita tumaturina ya ƙone. Da muka yi magana, sai yaronsa ya ce ruwa na gwamnati ne, mu da ba mu da rajista ba mu da ta cewa. Shin da gaske sai na yi rajista na biya kuɗi kafin in ja ruwan da na tashi na tarar ana ja?
Daga wani manomin rani, Ringim

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Allah Ya mayar maka da alheri. Yaron nan ya faɗi rabin gaskiya, sauran rabin kuwa ya sa a aljihu, don ba zai yi wa maigidansa daɗi ba.

Rabin da ya faɗa shi ne: Dokar Albarkatun Ruwa ta 1993, wadda aka kafa a zamanin soja kuma har yau take aiki, ta damƙa ikon duk ruwan da ya shafi jiha fiye da ɗaya a hannun Gwamnatin Tarayya. Kogin Haɗeja kuwa ba ya tsayawa wuri ɗaya. Ruwan Kano da na Challawa ne ke haɗuwa, ya wuce Wudil, ya zo muku Ringim, ya bi ta Haɗeja, ya gamu da na Jama'are, ya zama Komadugu Yobe ya nufi Tafkin Chadi. To, a nan ba gardama, yana ƙarƙashin Tarayya.

Amma sashe na biyu na wannan doka dai ya ware mutane irinka. Ya ce kowa na iya ɗibar ruwa kyauta don amfanin gida da shayar da dabbobi. Ya ƙara da cewa wanda yake da haƙƙin zama a kan fili, na takarda ne ko na gargajiya, idan filin nan ya yi iyaka da kogi, yana da damar jan ruwa ba tare da biyan ko sisi ba, don gida da dabbobi da ban-ruwan gonar kansa. Ka lura da kalmar "gargajiya". Gadon kakanka ya shiga ciki. Wanda doka ta ce sai ya nemi lasisi shi ne mai tare ruwa, ko karkatar da shi, ko zuƙarsa da yawa don kasuwanci. Wato idan ana neman wanda za a tambaya "ina takardarka?" a gaɓar nan taku, ba kai ba ne, mai buhunan yashi ne. Akwai ma hukumar Tarayya a Abuja mai kula da ba da irin wannan lasisi, kuma tun 2016 aka fitar da ƙa'idojinsa.

Kada ka haɗa wannan da kuɗin ruwa da ake karɓa a Kadawa ko Kura ko wajen Auyo. Can ruwan a magudanar da gwamnati ta gina yake zuwa, kuma kuɗin na hidimar magudanar ne. Kai daga kogi kake ja da injinka da man fetur ɗinka.

Ina jin tsoron rajistar nan ya samo asali ne daga ƙudirin dokar ruwa da gwamnatin Buhari ta kai majalisa a 2017. An sha ƙura a kansa. Mutanen Kudu da gwamnan Binuwai na lokacin, Samuel Ortom, suka ce dabara ce ta ƙwace gaɓar koguna a ba makiyaya. A ƙauyukanmu kuma labari ya bazu cewa har rijiyar burtsatse ta tsakar gida sai an biya mata haraji. Majalisar Wakilai ta amince da shi a 2020, ta kuma janye a shekarar. Ɗan Majalisar Wakilai Sada Soli na Katsina ya sake gabatar da shi a 2022, Majalisar Dattawa ta yi watsi da shi a watan Yunin 2023. Ƙudirin ya mutu, jita-jitarsa ce ta ƙi mutuwa.

Ni dai ra'ayina, kuma na san wasu za su ce na yi ɓaram-ɓarama: ƙaramin manomi ba shi da dalilin ƙin rajistar masu zuƙar ruwa. Inda babu lissafin wa ke ɗibar nawa, mai babban inji ne sarki. Ina yaro na sha riƙe wa kawuna bakin kwami yana jan jigo. Daga asuba zuwa hantsi, duk ƙarfinsa, abin da zai ɗaga da ƙwarya bai kai abin da inji ɗaya ke watsowa kafin a sha shayi ba. A lokacin ba a buƙatar doka sosai, domin gajiyar kafaɗa ita ce iyaka. Yanzu iyakar nan ta tafi. Ga shi kuma tun da aka gama madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, zuwan ruwan ya koma sai yadda aka buɗe ƙofa, ambaliyar da ke jiƙa fadamun Haɗeja da Nguru ta ragu, ciyawar kachala ta toshe hanyoyin ruwa. Kai kana kuka da na sama da kai. Mutanen Gashuwa da Geidam kuma, a wurinsu kai ma na sama ne.

Tun kafin dokar Abuja ma, shari'a ta yi magana. Annabi (SAW) ya ce mutane sun yi tarayya a abu uku: ruwa da ciyawa da wuta. Ya kuma hukunta a kan ruwan kwarin Madina cewa na sama ya shayar da gonarsa har ruwa ya kai idon sawu, sannan ya saki wa na ƙasa. Na sama yana da fifikon fara sha, ba shi da ikon ɗaure bakin mashiga ya kwana a kai. Wannan hujja ce da dagaci da liman za su fahimta nan take, kuma da wuya mai filin ya so a karanta masa ita a bainar jama'a.

Saboda haka kada ka je kai kaɗai. Tattara duk waɗanda mashigar nan ke ba ruwa, ko ku goma ne, ku rubuta sunayenku da girman gonar kowa da abin da ya yi asara. Ku fara da mai unguwa da dagaci, in ta ƙi ku hau wurin hakimi. A lokaci guda ku rubuta koke zuwa Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda hedikwatarta ke Kano, ku roƙi a turo ma'aikaci ya ga wurin, a kuma tambayi mai filin izinin da ya samu na tare ruwa. Ku riƙe kwafin takardar da hatimin karɓa a jiki. Idan magana ta kai kotu, nan ne za ku nemi lauya, ni ba shi ba ne.

Abin da na fi jiye maka shi ne filin kansa. Haƙƙinka na ruwa a kan gonar ya rataya, don haka in ba ka da wata shaida a rubuce, nemi takardar dagaci da sa hannun maƙwabtan iyaka, ka bi ta ƙaramar hukuma a ba ka shaidar mallaka ta gargajiya. Wannan ce rajistar da ta kamace ka.

Buhunan yashin kuma kada ka taɓa su da hannunka, kar ƙarar ta juyo a kanka. Sa yaronka ya ɗauke su hoto a waya, da busasshiyar mashigar da kwamin da ya tsage, tun kafin damina ta zo ta wanke shaidar.